Ruwan da ke Biyo Ɗanyen Mai: Abin da Gawayi Zai Iya Kamawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

   

Na san akwai wanda tun da ya ji taken laccar nan yake cewa a ransa: ina ruwan mutumin Ɗambatta ko Makoɗa ko Kunchi da rijiyar mai? Yana da gaskiyarsa. Babu rijiyar mai ko ɗaya a Jihar Kano, kuma galibin ƙasarmu a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda ba a samun mai a cikinsa. To amma mu leƙa maƙwabta. Titin nan da ya ratsa Ɗambatta ya bi ta Kazaure da Daura, in ka miƙe shi Damagaram zai sauke ka, gaba kaɗan kuma sai matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, aka gina ta don tace ganga 20,000 a rana na man da ake turowa ta bututu daga Agadem. A 2024 Nijar ta fara kai ɗanyen mai kasuwar duniya ta wani bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ya dangana da bakin teku a Jamhuriyar Benin. Ta kudu ga matatar Kaduna tun 1980, wadda ruwan da take zubarwa kogin Romi yake bi. A watan Oktoba na 2019 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022 kuma shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je da kansa ya ƙaddamar da aikin, aka ce ana kyautata zaton akwai mai sama da ganga biliyan 1 a wurin. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kuɗi na musamman don neman mai a yankunan Tafkin Chadi da Sakkwato da Bida da Binuwai. Ke nan harkar tana matsowa, 'ya'yanmu ne za su yi aiki a cikinta, ƙasar manoma irinmu ce za a haƙa. Gemun ɗan'uwa ne wuta take lasa, namu ya kamata mu shafa wa ruwa.

Duk lokacin da aka yi maganar mai a Arewa, hankali yana tafiya ne kan kaso nawa za a ba jiha, da su wa za a ɗauka aiki. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwa, domin ɗanyen mai ba ya fitowa shi kaɗai. A can ƙarƙashin ƙasa, cikin kafofin dutse, iskar gas ce a sama, mai a tsakiya, ruwa a ƙasa. Ruwan nan mafi yawansa ragowar tsohon teku ne da ya maƙale a dutse shekaru miliyoyi. In an huda, tare suke tasowa. Bayan haka kamfani da kansa yakan ɗura ruwa a ƙasa don ya tunkuɗo man, shi ma ya dawo. A ƙiyasin da masana suka saba bayarwa, a duniya baki ɗaya kowace gangar mai tana zuwa da kimanin gangar ruwa 3, ganga kuwa lita 159 ce. Rijiya tana tsufa, ruwan yana ƙaruwa, har akan kai inda kashi 90 cikin ɗari na abin da ake zuƙowa ruwa ne. Saboda haka mafi yawan abin da kamfanin mai yake fitarwa daga ƙasa sharar ruwa ce, kuma tilas ya san inda zai kai ta kullum, dare da rana.

Me ke cikin ruwan? Na farko gishiri. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a lita, amma akwai rijiyoyin da ruwansu ya ninka wannan sau biyar, har sau takwas. Sai ɗige-ɗigen mai da ke yawo a ciki, wasu ƙanana ne ƙwarai, ba sa tasowa sama ko an bar ruwan ya kwana. Sai sinadaran da suka narke sarai, irin su benzin da toluwin da finol. Benzin yana haddasa sankarar jini, kuma ruwan rijiyar gas, duk da bai kai na rijiyar mai yawa ba, yakan fi shi ɗauke da irin waɗannan. Akwai ƙarafa kamar bariyom da dalma, wani wurin har da radiyom mai fitar da tururin nukiliya. Ga kuma magungunan da kamfani yake zubawa don hana bututu tsatsa da kashe ƙwayoyin cuta.

A nan zan roƙi malamai su ba ni hankalinsu. Tun muna yara, a Ishmawi da Risala, aka koya mana duba ruwa ta siffofi uku: launi, ɗanɗano da wari. Wannan hukuncin tsarki ne don ibada, kuma yana nan daram. Sai dai lafiyar ruwan sha wani babi ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada benzin ya wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ta ruwan sha, dalma ma haka. A wannan mizani ido ba ya ganin komai, harshe ba ya jin komai. Ruwa yana iya zama garau, a yi alwala da shi ta inganta, alhali shansa shekara da shekaru yana cin jikin yaro. Ina so wannan bambanci ya shiga wa'azi da huɗuba, don jama'a sun fi jin ta bakinku.

Abin da nake tsoro ya riga ya faru a kusa da mu. A kudancin Chadi, a filin mai na Badila da kamfanin Glencore yake gudanarwa a lokacin, an tara irin wannan ruwa a wani ƙaton kududdufi da aka yi wa ganuwar ƙasa. A watan Satumba na 2018, damina ta yi nisa, ganuwar ta karye, ruwa kimanin lita miliyan 85 ya bi ta gonaki ya faɗa kogin da ƙauyuka suke sha, suke wanka, suke shayar da dabbobi. Mutane da dama, har da yara, sun yi kukan ƙuna da ƙuraje a fata, kamfanin kuwa bai yarda ruwansa ne sanadi ba. A nan gida, rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna cewa a Nisisioken Ogale mutane suna shan ruwan rijiya mai benzin ninki 900 na ƙa'ida, ya kuma ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30. Can ƙasar ruwa ce, ana tafka ruwan sama kusan duk shekara. Mu daminarmu wata huɗu ce, in ta yi albarka biyar, ruwan rijiyoyinmu kuma a ruɓaɓɓen dutsen da ke kusa da sama yake kwance. Abin da ya shiga cikinsa ba shi da saurin fita.

Hanyar da aka fi bi a tudu ita ce a mayar da ruwan can ƙasa mai zurfi, ko cikin dutsen da ya fito. In an gina rijiyar mayarwa da kyau, wannan ce ta fi kwanciyar hankali ga manomi, ko da yake ita ma da nata: a Jihar Oklahoma ta Amurka yawan ɗura irin wannan ruwa ya jawo girgizar ƙasa, har da mai maki 5.8 a 2016. Ko mayarwar za a yi, sai an fara cire mai da laka don kada su toshe dutsen. In kuwa za a saki ruwan a rafi ko a yi ban ruwa da shi, sai an tace shi matuƙa. Akan fara da manyan tankuna inda mai zai taso a kwashe, sai na'urar da ke juya ruwan da ƙarfi ta ware mai, sai a hura masa kumfar iska ta ɗauko ƙananan ɗige-ɗige zuwa sama. Duk da haka akwai saura, wato ƙananan ɗigon da suka ƙi tasowa da sinadaran da suka narke. Alif da garin ƙwayar zogale da iyayenmu mata suka sani, aikinsu tattara laka ne ta kwanta, ba sa iya wa narkakken sinadari sosai. A nan ne ake kawo abubuwa masu kama dauɗa a jikinsu.

Yadda suke aiki ba wuyar ganewa. In ka ratsa gona da kaka, ƙarangiya ba ta shiga cikin zaren wandonka, a jikinsa take maƙalewa, kuma gwargwadon faɗin yadin, gwargwadon wadda za ka kwaso. Haka ƙwayoyin benzin suke maƙale wa jikin gawayi idan ruwa ya ratsa ta cikinsa. Sirrin duka yana ga faɗin jiki. Gawayin da aka gyara don tace ruwa cike yake da kafofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kafa cikin kafa, har giram ɗaya yakan sami faɗin jiki na murabba'in mita 1,000. Giram 10, abin da bai cika tafin hannu ba, ya ba ka faɗin hekta guda.

Ga kwalabe biyu nan a gabana, ina so na kusa su duba da kyau. Zoɓo ne a cikinsu, tukunya ɗaya, na kuma zuba wa kowacce gishiri cokali guda. Ta dama na sa mata dakakken gawayin girki, ta hagu gawayin tace ruwa, awo ɗaya. An girgiza su, an bar su sun jima, an tace da ƙyalle mai kauri. Ta dama jan ya ɗan dushe, amma har yanzu kowa ya gani ya san zoɓo ne. Ta hagu kuwa ta kusa komawa farin ruwa. Wannan shi ne bambancin gawayin da aka buɗe wa kafofi da wanda ba a buɗe wa ba. Yanzu wani ɗalibi ya zo ya ɗanɗana ta hagun. Gishirin yana nan yadda aka zuba shi, ko ƙwaya ɗaya bai ragu ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ilimin ya daɗe. Wani masani ɗan Suwidin, Carl Scheele, ya nuna a 1773 cewa gawayi yana kama iska a jikinsa, a 1785 kuma Lowitz a Rasha ya nuna yana cire launi daga ruwa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya da gawayin ɓawon kwakwa aka yi abin rufe hanci na kare soja daga iska mai guba. Irving Langmuir na Amurka, wanda ya sami kyautar Nobel a 1932, shi ya tsara lissafin da ɗalibanmu suke amfani da shi har yau, wanda tushensa shi ne guraben maƙalewa a jikin gawayi ƙidayayyu ne, in sun cika shi ke nan.

Abin da ya sa zancen ya zama namu shi ne kayan da ake yin abin da su. A filayen mai na duniya, ɗaya daga cikin matatun da aka fi yarda da su wajen cire ragowar mai tanki ne cike da dakakken ɓawon wata gyaɗar bishiya mai tauri da ake kira walnot. Ruwa yana ratsawa, mai yana manne wa ɓawon, in ya cika a wanke shi da ƙarfin ruwa a ci gaba. Ɓawon ɗan itace ne kawai, ba wani abin mamaki ba. Mu kuma ga ɓawon gyaɗa, ga totuwar masara, ga ɓuntun shinkafa tuli a Kura da Bunkure, ga ƙwallon goruba da na dabino da na aduwa, ga kachalla da ta addabi fadamun Haɗeja da Nguru. Audugar rimi da ta tumfafiya suna da wata baiwa ta daban: zarensu yana da rami a ciki, jikinsa yana da santsin kakin da ke korar ruwa ya jawo mai, don haka suna tsotse man da ya ninka nauyinsu sau da yawa. Yumɓu ma yana cikin lissafi, musamman irin wanda ake kira bentonait, wanda in an jiƙa shi da wani sinadari yakan koma mai son mai. Shi ake sawa a gaba, gawayi a baya, domin in ɗanyen ɗigon mai ya fara isa ga gawayi sai ya shafe bakin kafofinsa, ya kashe shi tun bai yi aikin komai ba.

Gyaran gawayin mataki biyu ne. Za a wanke ɓawon, a shanya, a cika gangar ƙarfe da shi, a rufe a bar 'yar kafa ta hayaƙi, a yi masa wuta ta waje har zafi ya kai digiri 400 zuwa 600. Da farko farin hayaƙi ne mai danshi, sai ya koma ruwan ɗorawa mai ƙauri, daga baya ya sirance. A nan ake toshe kafar a bar shi ya huce, don in iska ta shiga toka za a kwasa. Wannan gawayi ne, yana ɗan kamu, amma kafofinsa a cushe suke da kwalta. Buɗe su shi ne mataki na biyu: ko a hura masa tururin ruwa a zafin digiri 800 zuwa 900, ko a jiƙa ɓawon da sinadari mai ci kamar ruwan asid na fosfarik kafin a gasa, sannan a yi ta wankewa har asid ɗin ya fita. Wannan mataki ba na tsakar gida ba ne, yana buƙatar tanda ta musamman da kayan kariya da wanda ya san aikin, kuma ruwan wankin kansa sai an san inda za a zuba shi. In za a bi ta tawa, a fi mayar da hankali kan goruba da aduwa da dabino. Gawayin ɓawon gyaɗa yana da kamu, amma ba shi da ƙwari, da ruwa ya matsa masa sai ya marmashe ya toshe tanki. Ƙwallo mai tauri shi ke ba da tsakin da zai jure wanki da maimaici.

Yanzu mu koma ga kwalbar hagu, don ita ce matsala ta farko. Gawayi ba ya cire gishiri, yumɓu ba ya cirewa, audugar rimi ba ta cirewa. Ga manomi kuwa gishirin nan ya fi man hatsari, don mai in kaɗan ne ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cinye shi a hankali, gishiri kuwa zama yake yi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar ruwan ban ruwa da gishirinsa ya haura giram 2 a lita a matsayin mai matsala babba. Ku kwatanta da giram 35, balle 100 ko 200. Albasa da karas ba sa jure gishiri ko kaɗan, gyaɗa ma haƙurinta gajere ne. Gishirin yana kuma lalata jikin ƙasa, ta dunƙule ta daina shan ruwa, ta yi farin ɓawo a sama. Cire shi sai da matata ta fata mai matsanancin ƙarfi ko dafawa a tara tururi, duka biyun suna cin wuta da kuɗi. Za ku ji ana ba da misali da Kalifoniya, inda manoman gundumar ruwa ta Cawelo suka shafe shekaru suna ban ruwan lemo da almon da ruwan filin mai na Kern River bayan ya bi ta matatar ɓawon walnot an kuma gauraya shi da ruwan daɗi. Gaskiya ne, amma ruwan wannan fili tun asalinsa gishirinsa kaɗan ne. A Nimr ta ƙasar Oman ana bi da ruwan ta cikin ɗaruruwan hektoci na ciyawar ruwa irin gabara, tana cire man sarai, duk da haka ƙarshensa kududdufan shanya ake kai shi rana ta ƙafar da shi a kwashe gishiri. Don haka duk ranar da wani ya zo ya ce muku an tace ruwan rijiyar mai da gawayi, ga shi kyauta ku yi noman rani, tambayar farko ita ce giram nawa na gishiri ke cikin lita.

Matsala ta biyu, gawayi yana cika, kuma ba ya shela in ya cika. Ruwan zai ci gaba da fitowa garau, guba tana wucewa abinta. Masu aikin kirki sukan jera tanki biyu, su sa famfo a tsakani suna ɗiba ana aunawa. Da an ga sinadari ya fara ɓullowa a tsakiya, an san na farko ya ƙoshi, sai a cire shi, na biyu ya dawo gaba, a kawo sabo baya. Matatar da ba ta da ɗakin awo a bayanta, ƙarfe ne kawai a tsaye.

Ta uku ita ce ta fi hana ni barci, don na san halinmu na rashin yarda a yar da abu. Dauɗar da gawayi ya kama ba ɓacewa ta yi ba, tattaruwa ta yi wuri guda, ta fi da ƙarfi. Cikakken gawayi sai dai a mayar da shi tanda mai tsananin zafi a ƙone abin da ya kama, ko a ƙone shi a tandar siminti, ko a binne a ramin da aka shimfiɗe da abin da ruwa ba ya ratsawa. Mu kuwa mutane ne da muke sayen sharar birni mota-mota mu kai gona taki, muke sayen gangar da aka zubar da sinadari mu ɗauraye mu tara ruwan sha. Baƙin gari a buhu, in ya fito ta bayan katangar kamfani, wallahi akwai mai saye, wani ya dafa abinci da shi, wani ya watsa a gona. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, alhali iyayensu neman halali suke yi. Duk shirin tace ruwa da bai faɗi inda cikakken gawayi zai ƙare ba, rabin shiri ne.

Ɗalibai, ga taku. A jami'o'inmu an rubuta kundaye masu yawa kan gawayin ɓawon kaza da ƙwallon kaza, kusan kowanne yana cewa ya cire kashi 90 da wani abu cikin ɗari. Ina girmama wahalar da aka sha. Amma galibi a ƙaramin kofi aka yi gwajin, da tsaftataccen ruwa da aka ɗiga wa sinadari ɗaya tak. Ruwan rijiyar mai yana zuwa da zafi, da gishiri, da sinadarai barkatai suna rububin gurbi ɗaya. Mu yi lissafi na misali. A ce fili yana ba da gangar mai 50,000 a rana, kowacce da gangar ruwa 3. Ruwa ya kama kusan lita miliyan 24 kullum. A ce bayan tankunan farko saura miligiram 100 na mai a lita, wato kusan tan 2.4 a rana. In gawayinka yana ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, kana buƙatar tan 24 kullum, kuma ko da sulusin ɓawon ne yake zama gawayi, ɓawo sama da tan 70 ke nan, fiye da tirela biyu, kowace rana ta Allah. Kundin da zai amfane mu shi ne wanda ya gwada ruwa na gaske, yana gudana ta cikin bututu makonni, ya faɗi sau nawa za a iya wanke gawayin a maimaita, ya kuma faɗi kuɗin tace lita dubu.

Lissafin nan ya kawo mu ga abin da masu rubutu daga nesa suke kuskurewa. Suna kiran ragowar amfanin gona shara, suna cewa kyauta ce. A wannan yanki babu sharar gona. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙasar noma ta kewayen Kano tun shekarun 1960, abin da ya ba shi sha'awa shi ne yadda jama'a masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Dalilin kun fi ni saninsa: harawa da karmami na dabbobi ne, kara na danni da girki, toka da kashin dabbobi su koma gona a kan jaki ko amalanke. Ɓawon gyaɗa ma yana da masu shi, daga masu kiwon kaji zuwa masu tuya. In aka buɗe kasuwar da za ta riƙa kwashe waɗannan tirela-tirela, ƙasarmu ce za ta biya. Shi ya sa na fi karkata ga abin da ba ya komawa gona tun asali: ƙwallon goruba da aka gama gwaigwaya, ƙwallon aduwa, kachalla, ɓuntun da ke tule a bakin injinan casa. Kuma in za a sayar, a sayar da gyararren gawayi, aikin da ladansa su tsaya a nan, maimakon a kwashi ɗanyen kaya da araha a dawo mana da shi a buhu mai tambari.

Ba sai mun jira Kolmani ba kafin mu gwada hannunmu. Kogin Jakara yana fitowa daga cikin birni da ruwan kwatoci, rafin Getsi ya kawo masa na masana'antun Bompai, su gangaro tare zuwa dam ɗin Wasai a Minjibir. Wanda ya tsaya a bakinsa da rani ya san launinsa da warinsa, ya kuma ga injinan ban ruwa jere suna zuƙa, ga latas da kabeji da karas kore shar, gobe da asuba suna 'Yankaba. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna samun ƙarafa irin dalma da kadmiyom da kuromiyom sama da ƙa'ida a wurare da dama. Ba na zargin manomin da ke wurin, ruwan da ya samu ke nan, iyali kuma suna jiran cefane. Ga kuma baƙin man da ake juyewa a ƙasa a garejin makanikai da wurin wankin mota da gindin injin ban ruwa, ko'ina a garuruwanmu. Wannan ƙanen ruwan rijiyar mai ne, kuma da yake gishirinsa bai kai na can ba, a nan ne gawayi da yumɓu da audugar rimi za su fi nuna amfaninsu. Dabarar ita ce a tare dauɗa a bakin inda take fitowa, tun ruwan yana kaɗan. Gareji ɗaya, rami mai ɗaki biyu da zai raba mai da ruwa, buhun audugar rimi a bakin mafita, gangar gawayi a ƙarshe, da ɗalibi mai zuwa ɗibar ruwa duk mako. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan Ɗambatta, Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna tana Jami'ar Bayero. Ƙaramar hukuma ɗaya ta isa ta ɗauki nauyin gwaji irin wannan.

Iyayen ƙasa, ranku ya daɗe, saura naku, don ku ake fara yi wa sallama in baƙi sun zo da taswira, ko na mai ne, ko na masana'anta, ko na ma'adinai. Doka tana bayanku. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari kafin a fara babban aiki, a kuma baje rahoton jama'a su gani su yi magana. Ƙa'idojin muhalli na harkar mai da aka fara fitarwa a 1991 sun sa iyakar miligiram 10 na mai a lita ga ruwan da ke tudu. Akwai hukumar NUPRC mai sa ido kan haƙo mai, akwai NOSDRA mai kula da malalarsa, dokar 2021 kuma ta tilasta wa kamfani ya zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata a asusun al'ummar da yake aiki a cikinta. Ku tambaye su lita nawa na ruwa za su fitar a rana, ina zai kwana, me aka shimfiɗa a ƙasan kududdufin, wa zai auna, ina cikakken gawayi zai tafi. Sannan tun kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya, ku sa a ɗebi ruwan kowace rijiya da burtsatse na ƙauyen, da rani da damina, a auna gishiri da mai da ƙarafa a ɗakin awon da ba na kamfanin ba. A rubuta sunan rijiya da ranar ɗiba, a ajiye takardar sakamako ɗaya a wurin dagaci, ɗaya a wurin hakimi, ɗaya a makarantar garin. In ruwa ya sauya daga baya, kamfani yakan ce dama haka ya same shi, kuma wannan takarda ce kaɗai za ta raba gardama a gaban hukuma ko kotu.